Barkwanci Kan Aure da Aikin Ofis

Wani mai sauraronmu daga Sunke a Zamfara yana tambaya: shin Turawan Ingila ma suna rubuta labaran barkwanci kan aure da aiki da neman suna?

To malam, suna yi ƙwarai. A 1892 wasu 'yan'uwa biyu, George da Weedon Grossmith, sun fitar da The Diary of a Nobody, labarin Charles Pooter, wani akawu a Landan da ke son a ɗauke shi babban mutum, alhali ɗansa ma ba ya jin maganarsa. A 1910 H. G. Wells ya kawo labarin Mista Polly, mai kanti da aure da kasuwa suka gundure shi har ya banka wa shagonsa wuta.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Littafin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ya nuna attajirin da ya ƙi shawara ya auri karuwa, dukiyarsa ta salwanta. Dariyar ciki tana ratsa zuciya, domin duk mun san irin Jatau a unguwanninmu. Ka nemi Uwar Gulma na Mohammed Sada ma, ka ga halin Hayatu da matarsa Halima.