Yaro Mai Sikila da Haɗarin Shanyewar Ɓarin Jiki

Mutane sun saba ɗaukar shanyewar ɓarin jiki a matsayin ciwon dattawa masu hawan jini. Amma tana kama yara 'yan shekara 5 ko 7, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan yara masu cutar sikila ne, wato amosanin jini. Yaro ya kwanta lafiya lau, ya wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda sun saki, magana ta sarƙe. Idan haka ta faru a Toranke, ko Balare, ko Gurduba, a ƙasar Ajingi ta Kano, sau da yawa abin da ake fara cewa shi ne iska ta taɓa shi, sai a shiga turare da rubutu har lokacin ceto ya wuce. Alhali kuwa yanzu likita yana iya gane yaron da wannan masifa take tunkara tun ba ta iso ba, kuma akwai ƙwayar magani da ake sha kullum wadda take tare mata hanya. Hujjar hakan ba daga wata uwa duniya kaɗai ta zo ba, a kan 'ya'yan Kano aka tabbatar da ita. Saboda haka ranar da ta fi dacewa a kai yaro mai sikila asibiti ita ce ranar da yake wasansa lafiya.

Sikila cuta ce ta gado. Idan uba yana da jini nau'in AS, uwa ma AS, su biyun lafiyarsu ƙalau, to a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi yaro mai SS, shi ne mai cutar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da AS, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya masu laushi ne, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba tare da wahala ba, kuma kowace tana yin kwana 120 tana aiki. Na mai sikila kuwa suna lanƙwashewa su sandare, su maƙale a hanya, kuma ba su wuce kwana 10 zuwa 20 suke mutuwa. Daga nan ƙarancin jini yake zuwa, da rawayar ido, da kumburin yatsu, da ciwon ƙashin nan da yake hana gida barci.

Wannan cutarwa tana kaiwa har manyan jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa. A hankali bangonsu yake rauni, hanyar ta tsuke. Mai noman rani ya san idan aka matse bakin tiyo ruwa yakan ƙara gudu. Haka jini yake yi a jijiyar da ta tsuke. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kan yaro, tsakanin ido da kunne, ta auna wannan gudu. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a sakan guda, yaron yana cikin babban haɗari. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa a cikin irin waɗannan yara, idan aka bar su haka, kusan 10 cikin 100 ne ɓarin jikinsu yake shanyewa kowace shekara, amma idan ana yi musu ƙarin jini duk wata haɗarin yana raguwa da kashi 90 cikin 100. Wannan ci gaba ne babba, sai dai bai amfani talakanmu ba. Wane magidanci ne a ƙasar Ajingi zai iya samo leda ta jini mai tsafta duk wata, shekara da shekaru, ga kuɗin mota, ga kuɗin gwaji, ga neman wanda zai ba da jinin?

A nan ne likitocin Kano suka shigo. Akwai wani tsohon magani mai suna haidroksiyuriya. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in jini na zaman ciki wanda ba ya lanƙwashewa, shi ya sa ba a cika ganin alamun sikila ba sai yaro ya doshi wata 6, lokacin da wannan jini yake ja da baya. Aikin maganin shi ne ya sa jiki ya koma yin wannan jini na jarirai da yawa. Dakta Najibah Galadanci da Dakta Shehu Abdullahi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka da sauran abokan aikinsu, suka tambaya: shin wannan ƙwaya za ta iya tsayawa a madadin ƙarin jini? Tsakanin 2016 da 2018 suka shigar da yara 220, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗari, a asibitin Malam da asibitin Murtala a Kano da asibitin Barau Dikko a Kaduna. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu, rabi suna shan 20. Aka bi su sama da shekara biyu. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna yara 3 ne a rukunin farko, 5 a na biyu, ɓarin jikinsu ya shanye. Wato tsakanin 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara, maimakon 10 ɗin da aka sani. Masu shan 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Mai lura zai ce ai ba a ajiye wani rukuni da ba ya shan komai ba, to da me aka gwada? Tambaya ce mai kyau. Ba a yi hakan ba ne domin ba ya halatta a san yaro yana bakin haɗari a hana shi magani don a ƙirga masu faɗuwa. An gwada ne da adadin da binciken 1998 ya samu, kuma tazarar da ke tsakanin 10 da 2 ta yi faɗin da ba za a ce dace ba ne kawai. Akwai kuma wata tambayar da ta fi wannan nauyi a zukatan Kanawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Duk wanda ya ji kalmar bincike gabansa ya faɗi, yana da dalili, kuma bai kamata a kira shi jahili ba. Amma a duba bambancin. Haidroksiyuriya ba sabon magani ba ne da ake neman wurin gwadawa. Tun 1995 aka tabbatar a Amurka cewa yana rage tashin ciwo ga manya masu sikila da kusan rabi, a 1998 hukumar magunguna ta can ta amince da shi, a 2011 aka nuna amfaninsa ga jariran Amurkawa. 'Ya'yansu sun riga namu sha da shekaru masu yawa. Binciken Kano kuma likitocin gida ne suka gudanar da shi, da izinin iyaye, ga kwamiti mai zaman kansa yana sa ido, wanda shi ne ma ya tsayar da aikin da wuri da ya ga amsar ta fito. Maganin abin da ya faru a 1996 shi ne a yi bincike a fili, a ƙarƙashin doka, iyaye su tambaya a ba su amsa.

Wasu sukan ce sun ji maganin na masu ciwon daji ne, zai raunana yaro ya bar shi a hannun zazzaɓin cizon sauro. Gaskiya ne da shi ake jinyar wasu cututtukan daji na jini, kuma gaskiya ne yana iya rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Su kansu likitoci sun yi wannan fargaba, shi ya sa suka bincika. A 2019 aka wallafa sakamakon bin yara 606 a Angola, Kongo, Kenya da Uganda, ƙasashen da sauro yake kamar namu. Da suka fara shan maganin, tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, buƙatar ƙarin jini ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, zazzaɓin cizon sauro ya ragu da rabi, mace-mace suka sauka daga kusan 4 cikin 100 a shekara zuwa kusan 1. Abin da wannan fargaba take wajabtawa shi ne taka-tsantsan: likita ne yake auna nauyin yaro ya yanke adadin, yana ƙarawa yayin da yaro yake girma, ana kuma gwada jininsa lokaci zuwa lokaci. Ba maganin da za a saya a kemis ba ne don an ga ya yi wa ɗan maƙwabci amfani. Mace mai ciki, da mace ko namijin da suke neman haihuwa, su sanar da likita kafin su sha. Kuma ba ya warkar da sikila, ba ya maye gurbin gidan sauro, da allurar riga-kafi, da yawan shan ruwa, da sauran magungunan da asibiti yake bayarwa.

Akwai masu cewa tunda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da gwajin nau'in jini, matsalar ta kusa ƙarewa. Dokar tana da amfani ƙwarai, musamman inda auren zumunci ya yi yawa, kuma ya kamata limamai da waliyyai su riƙe ta da gaske. Sai dai ta shafi yaran da ba a haifa ba ne. Wanda yake goye a bayan uwarsa yau, da wanda ya fara zuwa makarantar allo, dokar ba ta da abin da za ta yi musu.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne nisa da kuɗi. Na'urar auna gudun jini ta fi samuwa a manyan asibitocin birni, kuma tashi daga Toranke a bi ta Gaya da Wudil zuwa Kano da yaro yana cin yini da guzuri. Amma gwajin sau ɗaya ne a shekara, daga shekara 2 zuwa 16, kuma kuɗinsa bai kai na jinyar yaron da ya daina tafiya da ƙafarsa ba, balle a ce wanda shanyewar ta taɓa sau ɗaya ya fi kowa haɗarin ta sake dawowa. Uba ya fara da asibitin da ya fi kusa, a tabbatar da nau'in jinin yaro, ya nemi takardar turawa zuwa sashen masu sikila, ya tambayi likita kai tsaye ko ɗansa ya cancanci haidroksiyuriya. Na'urar ƙarama ce, ana iya ɗaukarta a hannu, don haka hakimai da dagatai da kwamitocin lafiya na mazaɓu suna da damar neman a riƙa kawo ta babban asibitin Gaya a ranakun da aka tsayar. Idan kuwa aka ga bakin yaro ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta canza, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna, a nemi mota nan take, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka tarar cewa yaron mai sikila ne, domin ƙarin jini na gaggawa yake buƙata a wannan yinin.