Taimako kaɗan-kaɗan, amma a kai a kai

Ciwo da yunwa ba su yin sallama, shi ya sa taimako yake son tsari.

A Ingila, tun 1987, ma'aikaci yana iya yarda a cire wani abu daga albashinsa kowane wata, a miƙa wa ƙungiyar agajin da ya zaɓa. A majami'u kuwa, ana tara baiko kowace Lahadi.

Mu manoma, albashinmu hatsi ne. Bayan girbi, kowane gida ya kawo tiya guda. Mu zaɓi amintattu uku su riƙe rumbu. Abin da ya shiga da abin da ya fita, a rubuta, a karanta gaban kowa. Tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya ƙare, marayu da majinyata ba za su kwana da yunwa ba.