Gidan Gonar Daudawa da Zancen Farfaɗo da Shi

Daudawa gari ne a yammacin Funtua, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari. A shekarun 1920 wata ƙungiyar Ingila mai kula da noman auduga ta kafa babban gidan gona a nan, domin ƙasar wurin jigawa ce mai laka, ruwan sama kuma yana wadatar ta. A wannan zamani ne hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtua da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929.

A wancan zamani, aikin gidan gonan nan shi ne yaɗa iri. Masana a Samaru su kan zaɓi auduga mai dogon zare, su aiko da anguryarta 'yar kaɗan. A Daudawa a ke shuka ta ita kaɗai, nesa da kowace irin auduga, har ta yawaita. Sa'an nan a ba manoman kewaye, baɗi kuma a ba na gaba da su. In kaka ta yi, injinan gurza na kamfanin B.C.G.A. a Funtua da Malumfashi su kan gurje ta dabam, don kada ta gauraya da wata. Da haka iri ɗaya ya kan game lardi cikin 'yan shekaru.

Da aka rushe Hukumar Cinikin Auduga cikin 1986, sai tsarin ya watse. Kowane ɗan kasuwa ya shiga saye inda ya ga dama, angurya ta cakuɗe, zare ya gajarta. Masaƙar Kaduna, wadda aka buɗe cikin 1957, ta tsaya cikin 2002. Daga baya kuma 'yan bindiga suka addabi ƙasar Faskari, har manoma da yawa suka bar gonakinsu na nesa.

Masu zancen farfaɗo da wurin sun fi ambaton gine-gine da injuna, alhali kuwa waɗannan su ne masu sauƙi. Gonar da ta gaji sai an koma zuba mata takin shanu, ana juya shuka da gyaɗa ko waken suya. Wajibi ne a tuge itacen auduga a ƙone bayan tsinka, kamar yadda malaman gona su ke tilastawa a da, don tsutsa kada ta kwana ciki har damina. Iri kuwa sai an sake karɓo tsantsarsa daga Samaru, a fara da 'yan kadada kaɗan, a kuma sami injin gurza ɗaya da zai yarda ya keɓe shi.