DARASIN KIWON LAFIYA: Su Wa Ke Taimakon Mai Shayarwa?

Haihuwar fari tana zuwa da tambayoyi. Wata mai jego nono ba ya zuwa da wuri. Wata kan nononta ya tsage. Idan ba ta sami taimako ba, sai ta fara ba jariri ruwa ko koko. Daga nan gudawa ke shiga. A Kalmalo da kewaye, akwai mutane huɗu da za ta iya nema.

1. Ungozomar gargajiya. Ita ce ta kusa. Wadda ta sami horo ta san a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Ba ta bari a zubar da dakashi, domin shi ne rigakafin farko na jariri.

2. Ma'aikaciyar lafiya ta karkara. Tana auna nauyin jariri, tana yin allurar rigakafi. Ita ke nuna wa uwa yadda ake riƙe jariri. Ya buɗe baki sosai, ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nono. Kamu mai kyau yana hana tsagewa.

3. Ungozomar asibiti. Ta yi karatun aikin haihuwa. Tana koya wa uwa tatsar nono a kofi mai tsabta idan jariri bai iya tsotso ba.

4. Likita. Idan nono ya kumbura, ya yi zafi, ga zazzaɓi, ko jariri ya ƙi kama nono, kada a jira. A tafi Babban Asibitin Illela. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura Sakkwato.

A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi. Nonon uwa yana da ruwan da ya ishe shi ko da bazara. Bayan wata 6 a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, kamar yadda Alƙur'ani ya ambata.

Maigida ma da nasa aikin. Ya ciyar da mai jego, ya ba ta izinin zuwa asibiti da kuɗin mota.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin dakashi?
2. Yaushe ake zuwa wurin likita?
3. Wata nawa ake ba jariri nono zalla?