Gora da Gamji a Bakin Mawaƙa

Mawaƙan ƙasar Sin na dauri sun ɗauki gora alamar mutumin kirki. Bai Juyi (772-846), na zamanin daular Tang, ya kawo dalilai: saiwarta kafaffiya ce, tana tashi a miƙe, cikinta kuwa fanko ne. Wannan fankon shi suke fassarawa da tawali'u, wato zuciyar da ta bar gurbin karɓar ilmi.

Bahaushe kuwa, abin da ba kome cikinsa holoƙo yake ce masa, kuma zambo ne. In zai wasa babban mutum, gamji yake kamawa saboda girmansa da inuwarsa, kamar yadda aka yi wa Sardauna Ahmadu Bello. Ashe wajibi ne manazarci ya auna kowace alama da mudun al'ummarta, don kada ya ɗauki yabo zagi.