Kafin Gida Ya Saya wa Kafintansa Injin Zane: Shawarwari Kan Sanda da Ramin Wuƙa

A gidaje da yawa a Maiduguri, idan yaro ya gama koyon kafinta aka yaye shi, dangi ne ke haɗa masa jari. Uwa ta kwashi adashi, kawu ya sayar da rago, yayan da ke aikin albashi ya cika. Sayen zarto da injin goge katako ba shi da wuyar sha'ani. Wanda ke cinye kuɗin mutane shi ne injin zane, wanda kafintoci ke kira sifindil: tebur ne na ƙarfe, sanda a tsaye ta leƙo ta tsakiyarsa, a zura mata wuƙa mai rami, tana juyawa ana tura katako ta gefenta. Shi ke fitar da adon da ke jikin ƙyaure da kan gadon amarya, shi ke haƙa kwarmin da falanki ke shiga cikin ɗan'uwansa.

Na raka ɗan yayata neman irin wannan inji da wuƙaƙensa, muka yi ta zagaye a Kasuwar Kwastam da shagunan da ke kewaye da ita a Gamboru. Mun yi kuskure, mun biya kuɗinsa. Ga abin da nake so kowane gida ya sani kafin ya ƙirga kuɗi.

1. A tambayi kaurin sanda kafin a tambayi farashi.

Inji sau ɗaya ake saye, wuƙaƙe kuwa har a bar sana'a ana sayensu, kuma kowace sai raminta ya yi daidai da kaurin sandar. Ma'auni iri biyu ne a duniya. Injinan Italiya da Jamus da Austiriya da milimita suke zuwa: 30, 35, 40 ko 50, kuma 30 ce ta fi yawa. Na Sin ma milimita ne, wani 30 wani 35. Na Amurka da tsofaffin na Ingila, irin na kamfanin Wadkin da a da yake birnin Lesta, da inci ake auna su: rabin inci, kwata uku, inci ɗaya, ko inci ɗaya da kwata. Mu kuwa a mahaɗa muke zaune. Ta hanyar Dikwa da Gamboru Ngala muna hulɗa da Kamaru da Chadi, inda komai milimita ne, ta Kano da Legas kuma 'yan kwatano na shigowa a gauraye. A tebur ɗaya sai ka tarar da iri biyun an jera su kamar 'yan gida ɗaya.

2. Tef ɗin kafinta ba ya raba wannan gardama.

Inci ɗaya da kwata milimita 31.75 ne. Tsakaninsa da 30 bai kai milimita biyu ba, ido ba ya gani, tef ma ba ya nunawa sosai. A nemi ma'aunin kauri mai baki biyu, irin na masu injin feƙe ƙarfe, a auna sanda, a auna ramin wuƙa, a rubuta a takarda a sa a aljihu.

Mu injinmu mai 30 ne, muka sayo wuƙaƙe uku masu ramin inci ɗaya da kwata, domin mai kayan ya ce duk ɗaya ne. Bayan kwana biyu na leƙa shagon, na tarar yaron ya yanka gwangwanin madara ya naɗe sandar da shi don wuƙa ta daina kwal-kwal. Da ya kunna, kofin shayin da ke gefen tebur ya fara tafiya da kansa har ya faɗi. Katakon da ya fito duk tabo-tabo ne kamar an bi shi da gizago.

Na ce, "Kashe shi, ɗana."

Ya ce, "Kawu, ai haka kowa ke yi."

Ko da kowa na yi, lissafin ba ya canzawa. Wuƙa mai nauyin kilo 2, idan ta goce daga tsakiya da abin da bai kai milimita ɗaya ba, tana juyi 7,000 a minti, to tana fizgar sandar da ƙarfin da ya kusa nauyin buhun masara mai kilo 100, kuma fizgar tana zagayawa fiye da sau ɗari a daƙiƙa guda. Boris ne ke fara mutuwa, sai sanda ta lanƙwashe. Idan noti ya saki, mutumin da ke tsaye a gaban tebur shi ne a hanya.

3. In ana da zaɓi, a ɗauki mai milimita 30.

Wannan ra'ayina ne, ga kuma dalilina. Wuƙaƙe masu ramin 30 sun fi sauƙin samu, sababbi da na hannu. Sannan kauri kaɗan yana ƙara wa ƙarfe tauri mai yawa: sanda mai 30 ta fi mai kwata uku na inci, wato milimita 19, ƙin lanƙwasa kusan sau shida, ta fi mai rabin inci sau talatin da ɗoriya. Siririyar sanda ta isa yin firam ɗin hoto da bakin ƙaramin tebur. Wanda zai ci abinci da ƙofofi da tagogi da gadaje, ba za ta ɗauke shi ba. Masu 40 da 50 kuma na manyan masana'antu ne, wuƙaƙensu da tsada, wutar da suke sha ba ta shagon unguwa ba ce. Inji mai inci ɗaya da kwata shi ma ingarma ne, ban hana ba, amma sai in mai sayarwa ya haɗa da wuƙaƙensa. Akwai kuma injinan da ake cire sandarsu a sauya wata. In an dace da irinsu, a karɓi dukkan sandunan a ranar ciniki, kada a yarda da "ka dawo gobe".

4. Babban rami yana da magani, ƙarami ba shi da shi.

Idan ramin wuƙa ya fi sanda faɗi, akwai bushin da aka ƙera don haka, zobe ne mai ɗan leɓe, ana sa ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa su riƙe wuƙa a tsakiya cif. Da shi mai ramin 35 ko 31.75 za ta zauna lafiya a sanda mai 30. Amma bushin ba ya ƙara wa sanda ƙarfi. Kada a ɗauko ƙatuwar wuƙar da aka yi wa sanda mai 40 a ɗora wa siririya don kawai an samu zoben da ya cike ramin.

Idan ramin ne ya yi ƙanƙanta, a mayar da wuƙar a karɓi kuɗi ko a musanya. Kada a kai wa mai walda, kada a sa zarton goge ƙarfe, kada kuma a rage sandar injin don ta shiga. Wanda ya rage sanda ya ɓata ta ga dukkan wuƙaƙen da zai saya nan gaba.

Wajen ɗaurawa, wuƙa ta zauna ƙasa-ƙasa kusa da boris, a cike saman da zobban injin, noti ya kama zarensa gaba ɗaya.

5. A karanta rubutun da ke jikin wuƙa.

Wuƙar kirki tana ɗauke da faɗinta, da girman raminta, da iyakar juyin da za ta iya a minti. Wannan iyakar ba a tsallake ta. Abin da ake so shi ne bakin wuƙa ya yi gudun mita 40 zuwa 70 a daƙiƙa. Mai faɗin milimita 125 a juyi 8,000 tana yin kimanin 52, daidai ke nan. Mai faɗin 200 a wannan juyin ta haura 80, sai a sauko da bel zuwa 6,000. Ƙarama mai 100 kuma a 6,000 ta yi sanyi, sai ta riƙa cafkar katako tana wurgo shi baya. Wato babbar wuƙa a rage mata gudu, ƙarama a ƙara mata.

A duba kuma haruffa uku. MAN na nufin an yi ta don turin hannu, tana da ƙarfen da ke hana ta cizo da zurfi. MEC ta injin da ke tura katako da kansa ce, ba ta mai tsayawa da hannu biyu ba. A Ingila tun 2003 aka wajabta wuƙaƙe masu taƙaita cizo a injinan turin hannu. Tsofaffin kawuna masu kusurwa huɗu, da waɗanda matsi kawai ke riƙe da ruwan wuƙarsu, su ne aka yi watsi da su can, kuma irinsu na ɓullowa cikin kayan kwatano da araha. Ni ko kyauta aka ba ni ba zan kai wa ɗana ba.

6. A yi lissafin wuta tun a gida.

Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Injin Amurka da aka rubuta wa 10,000, a nan kimanin 8,300 zai yi, in ma ƙarfin wutarsa ya dace da tamu, domin wasu na 110 ne. Mai wuta layi ɗaya yawanci yakan tsaya a ƙarfin doki uku, daga biyar zuwa sama yawanci sai layi uku. Mutumin Maiduguri bai manta da duhun da ya biyo bayan lalata turakun layin Damaturu a Janairun 2021 ba, kuma ko bayan buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris 2023, kafinta bai rabu da janareta ba. Moto yana jan wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi, don haka janaretan da ya yi daidai da lambar da ke jikin inji ba zai tayar da shi ba.

7. In tsohon inji ne, a tambaya ko ya sha ruwan Alau.

Ambaliyar madatsar ruwan Alau ta 10 ga Satumba 2024 ta shafe Gamboru da yankin Kwastam da Gwange, shaguna da yawa sun kwana cikin ruwa. Sabon fenti yana rufe komai ban da sanda da boris. A cire wuƙa da zobba a shafa sandar da yatsa: in tsatsa ta ci ta, ko an goge ta da samfefa har ta rame, ma'auni zai nuna ta gaza 30. A kama kanta a girgiza, kada a ji motsi ko kaɗan. A kunna ba wuƙa a saurara, a tsayar da kwabo a kan tebur a ga ko zai yi rawa. Mai kayan da ya ƙi a kunna, a yi masa sallama cikin mutunci.

8. Wuƙa ta dace da katakon da za a ci.

Malaina da afara masu laushi ne, wuƙar ƙarfe zalla ta ishe su, kuma ana wasa ta cikin sauƙi. Maɗaci da maɗobiya da loko sai mai haƙoran kabaid, musamman loko da kan ɓoye wani abu mai kama da tsakuwa a cikinsa. Allon garin katako da ake yin kayan ɗakin amare da shi yanzu yana dakushe ƙarfe zalla nan da nan saboda gam ɗin da ke ciki.

9. In kuɗi bai kai ba, a fara da rauta, wato ƙaramin injin zane da ake riƙewa a hannu.

Ba abin kunya ba ne, aiki mai yawa na fita da ita. Sai dai tarkon nan yana nan: ƙafar wuƙa mai milimita 12 daban take da mai rabin inci, wato 12.7, haka mai 6 daban da mai kwata, wato 6.35. A tafi kasuwa da bakin da ke matse wuƙar a aljihu, a gwada a gaban mai kaya.

10. Abin da ya rage na mutanen gida ne.

Sau da yawa shagon a zaure yake ko a ƙofar gida. A sa wa makunnin akwati da kwaɗo saboda yara. Ba a aiki da hannun riga a sake, ba a sa safar hannu, guntun katako da sandar turi ake tura shi, kuma kullum ana turawa ne ta inda wuƙa ke fuskantowa. Uwa ko matar kafinta tana da ikon tambaya ina murfin wuƙa yake in ta ga an cire. Wuƙaƙenmu uku, biyu mun samo musu bushin a Kano, ta ukun ba ta da rubutu ko ɗaya a jikinta, na ɗauke ta daga shagon, tana cikin akwatina.