"Gonar Iska": Matsalar Fassara a Ƙasar Arewa

A shekarar 1991 aka gina tashar farko mai samar da lantarki da ƙarfin iska a cikin teku, a Vindeby ta ƙasar Danmak. Injuna 11 aka kafa a ruwa marar zurfi, aka ja wutar zuwa tudu ta wayoyin ƙarƙashin ruwa. Turancin Ingilishi yana kiran irin wannan wuri gona, shi ya sa wasu masu fassara ke cewa "gonar iska".

A Dogon Dutsi da Tibiri wannan suna yana iya ɓatar da mai sauraro. A ƙasar Arewa, inda bori ya daɗe da kafuwa, "iska" ba abin da ke kaɗawa kaɗai ba ce, har da mutanen ɓoye. "Gona" kuwa wurin shuka ce da ake gado. Manomin da ya ji sunan a rediyo zai tambaya: wace iska, kuma gonar wa za a karɓa?

"Tashar lantarki mai aiki da iska" ya fi tsawo, amma babu ruɗani. Sunan ya dace da ta Lambar Rimi a jihar Katsina, mai injuna 37 a kan tudu. Ga irin ta Vindeby sai a ƙara "cikin teku", ba "bakin teku" ba, domin baki gaɓa ce.